Rasuwar Dakta Surajo Iliyasu, Mai Binciken Jinin Tsofaffin Manoma

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Dattawan Manoman Rani ta Kura da Bunkure ta samu labarin rasuwar ɗanmu kuma masaninmu, Dakta Surajo Iliyasu Bunkure, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata, 13 ga Maris, 2007, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara arba'in da bakwai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi Dakta ya baro aikinsa na birni ya dawo gida da tambaya ɗaya: me ɗan maganin feshin da muke shaƙa kullum, wanda bai kai ya kwantar da mutum ba, yake yi wa jikin da ya soma tsufa? Shekara shida yana bin bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, a kan babur, yana ɗibar jinin tsofaffin manoman tumatir da shinkafa da yardarsu. Ya sha bayyana mana cewa a kowace ƙwayar jiki akwai umarnin da mutum ya gado daga iyaye, kuma idan 'yar guba ta taɓa ƙwayar, wani umarnin kan farka ya kare ta, wani ya yi shiru. A jikin tsoho kuwa, mai farkawar kan makara.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya, ba mu tsaya masa yadda ya kamata ba. Wasunmu sun zarge shi da sayar da jini, wasu sun daina amsa sallamarsa. Taron da ya kira bara a Kura domin ya karanta mana abin da ya gano, mutum huɗu kacal suka halarta, amma ya yi bayaninsa har ƙarshe kamar ɗakin a cike yake.

A madadin shugaba da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa, Hajiya Uwa, da 'yarsa tilo, Malama Maryamu. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya ba su haƙurin jure wannan rashi, mu kuma Ya yafe mana.

Littattafan bincikensa suna nan kulle a ɗakinsa, kuma babu mai iya karanta su a cikinmu. Muna roƙon duk masanin da zai iya, ya zo. Dattawa ɗari da goma sha biyu ne suka ba shi jininsu. Sha tara sun riga shi tafiya, sauran suna jiran amsa.

Alhaji Baballe Isiyaku Kura
Kakakin Ƙungiya