Sa Hannun Yaya Ɗantala

Gumel,
12 ga Nuwamba, 1975.

Zuwa ga Yaya Ɗantala,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Ikko, yaya kuma haƙuri?

Mun ji a rediyo an sauke ka daga kujerarka ta babban banki. Dillalan shanun Maigatari da ke ɗaga naira suna nuna wa mutanen Damagaram sa hannunka, wai ɗan ƙasarsu ne, yau su ne ke rantsuwa ka cika jirgin ruwa da kuɗi. Ni na san ƙarya ne. Da ka ci, da ɗakin Inna a Gagarawa bai yi damina uku yana yoyo ba. Ba ka taɓa na gwamnati ba, mu ma ba ka ba mu naka ba, ko da wasiƙa ce.

Inna ba ta sani ba, kuma na hana a gaya mata. Tun da aka daina fam na nuna mata inda hannunka yake a jikin naira, ita kuwa ta ɗauke shi wasiƙa. In takarda ta shigo mata daga cinikin daddawa sai ta shafa wurin, ta ce Ɗantala ya gaishe ta, ba ta kashewa sai ta kwana a wurinta.

Idonta ya soma tafiya. Don Allah ka rubuto mata layi biyu, ni zan karanta mata.

Ƙanwarka,
Asama'u.

Gumel,
3 ga Disamba, 1977.

Zuwa ga Yaya Ɗantala,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin, yaya yara?

Takardarka ta iso, shafi huɗu, tare da yankin jaridar da ta ce kwamitin bincike ya wanke ka. Ashe hannun yana rubutu. Ka ce ni da ɗan'uwanmu Ubale mu zaga dattawa a shirya maka tarba, sunanka ya dawo. Ba sai mun wahala ba. Dillalan nan sun riga sun koma yabonka, abin da ma bakin kasuwa ne.

Ni dai ba zan zaga ba. Waya biyu muka buga maka, ta ciwon Inna da ta rasuwarta. Shafi huɗun nan na karanta sau biyu ina neman sunanta, na same shi a layin ƙarshe, bayan maganar filin da za ka gina.

Bayan saukarka sababbin takardu suka fito da hannun wanda ya gaje ka. Inna ba ta iya bambancewa. Ta ci gaba da shafawa tana sa maka albarka, mu kuma muka bar ta a haka. Da za mu yi mata wanka muka sami naira ɗaya ƙulle a bakin zanenta, ta yi laushi don shafa.

An raba gona, kasonka na nan, ba wanda ya taɓa. Nairar kuwa ga ta cikin ambulan. Ka duba sa hannun da kyau. Ban san mutumin ba, amma shekara biyu shi ke gaishe da mahaifiyarka.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Asama'u.