Bindigar Halimatussa'adiya da Hannun Baffa Ɗantsoho

Gumel, Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Usaini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Tayyiba da yara baki ɗaya. Yaya Fatakwal, yaya ruwan saman nan naku da ba ya gajiya? Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya yi wa kasuwa albarka. Mu nan Gumel lafiya lau, sai godiya. Kaka ta yi kyau bana, gero ya samu, riɗi ma ba laifi. Matar ɗan'uwanmu Ya'u ta sauka lafiya a Sule Tankarkar, an samu namiji, an raɗa masa Abdulbaqi. Gwiwata tana nan da halinta, in ta ga dama ta bar ni in je unguwa, in ba ta ga dama ba in wuni a tabarma. Tsufa ne, ba a kai ƙararsa.

Na san za ka ce me ya hana Yaya Kande kiran waya. Kai ne ka hana. Duk ran da na ɗauko maka zancen 'yarka Halimatussa'adiya, daga "to" sai "madalla", can kuma ka ce sabis ya ɗauke. Ita takarda sabis ba ya ɗauke mata, don haka ka nemi wuri ka zauna. Ka tuna sharaɗin da kuka yi da ita da babbar sallah a tsakar gidan nan, ina zaune. Ka ce aikin ɗamara ba na mace ba ne, balle a bakin iyaka. Ta ce ka yi mata haƙuri zuwa gwajin harbin da za a yi musu na shiga rukunin masu rakiya. In ta faɗi, za ta tuɓe kakin da hannunta ta taho wurinka ta zauna maka a shago. Kai kuma ka ce in ta ci, ka yi shiru har abada. To an yi gwajin. Amma ba zan gaya maka sakamako a layin farko ba, don na san ka, sai ka ninke takardar ka sa a aljihu.

Da aka zaɓe su don horon shirin gwajin, aka ba kowa sabuwar ƙaramar bindiga, irin fistol ɗin nan da ba ta wuce tafin hannu ba. Ni ban taɓa ganinta ba, don ba a zuwa da ita gida, a ma'ajiyar makamai take kwana can wurin aikinsu a Maigatari, sai a filin harbi ake miƙa musu. Amma wallahi na san ta kamar ni na haife ta, saboda tun ranar ba mu da wata hira a gidan nan sai tata. Ranar farko Halima ta dawo fuska a murtuke. Ta ce min bindigar cijewa take yi. Ta harba ɗaya, ta harba biyu, sai harsashi na gaba ya maƙale a hanya ya ƙi shiga, wani lokaci kuma kwanson wanda aka harba ya tsaya a tsaye ya ƙi fita. Na ce mata ta mayar musu da abarsu su ba ta wata, ai ko keken ɗinki ne in ya zo da matsala ana canzawa. Ta yi dariya ta ce ba haka ake yi ba, mai koyar da su, wani Insifeto Hamza, ya ce sabon ƙarfe dole ya yi tauri, sifirin ɗinsa bai saki ba, sai an yi ta harbi da ita tukuna ta saba, kamar sabon takalmi da ƙafa.

A nan ne yarinyar nan ta fara ba ni mamaki. Ni da na goya ta na ɗauka na gama saninta, ashe da saura. Ba ta yi ta ƙorafi ba, ba ta kuma ce an yi mata asiri ba, ko da yake ni na fara raya hakan a zuciyata, har na tofa mata addu'a a ruwa. Bin abin ta yi ɗaya bayan ɗaya. Ta fara warware bindigar ta goge giris ɗin da ta zo da shi daga masana'anta, wanda ta ce ya daskare kamar tsohon man kaɗe, ta ɗiga mata mai kaɗan. Abin ya ragu amma bai daina ba. Sai ta koma kan magazin, wato gidan da ake jera harsashin. Ta ɗauki jan farcen ƙanwar maƙwabciyarmu ta ɗiga wa kowanne alama, don ta gane wanne ne ya fi kawo cikas, ta kuwa kama guda mai lanƙwasasshen baki, aka canza mata. Sannan ta roƙa aka ba ta harsashi daga wani akwatin daban, ko tsofaffin ne ba su da ƙarfi. Duk ta yi wannan, bindiga ta yi laushi, na takwarorinta duk sun daina gardama, amma tata jefi-jefi sai ta cije. Gwaji kuma yana ta matsowa, kuma a gwaji lokaci ake ba ka, in bindiga ta tsaya maka ba mai jiran ka.

Wata Alhamis ta shigo gidan nan ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta shige ɗaki. Na bi ta na tarar tana kuka, ita da rabon da in ga hawayenta tun tana firamare. Da ƙyar ta gaya min cewa Insifeto Hamza ya karɓi bindigar a gabanta ya juye magazin guda cur, ko gezau ba ta yi ba. Ya miƙa wa wata abokiyar aikinta, ita ma lafiya lau. Aka dawo da ita hannunta, ta cije. Na tambaye ta to me ya ce. Ta ce ya yi mata bayani, amma ta ƙi faɗa min bayanin. Na yi juyin duniya, ta ce in bar zancen kawai. Raina ya ɓaci, har na ce mata taurin kan nan ba a ƙasa ta tsince shi ba, na ubanta ne. Ka yi haƙuri, amma haka na faɗa.

Allah da ikonSa, washegari sai ga Baffa Ɗantsoho daga Gagarawa, ya zo duba ƙafata. Ka san shi da Halima. Tun tana 'yar ƙarama, duk hutun da na kai ta Gagarawa tana biye da shi, shi ya fara ɗora mata bindigar toka a bayan gari, mu muna ta faɗa yana cewa wannan jikar tasa ta fi mazan gidan zuciya. Har gobe a majalisar maharba alfaharinsa ke nan, wai shi ya koya wa ma'aikaciyar gwamnati harbi. Na kwashe labari na gaya masa, tana ta ƙifta min ido ina yi kamar ban gani ba. Da ya gama ji, sai ya ce a miƙo masa muciya. Ya ba ta ya ce ta nuna masa yadda take riƙe bindigar. Ta so ta zille, ya ce umarni ne. Ta miƙa hannu ta riƙe, ya sa yatsa ɗaya ya ɗan bugi kan muciyar, sai ga wuyan hannunta ya lanƙwashe, kanta kuma ya ɗan kau gefe.

Usaini, na ga tsohon nan ya zauna a bakin turmi. Ya ɗaga hannunsa na dama, wanda babban yatsan ya tafi tun ranar da bindiga ta fashe masa muna yara, ya daɗe yana kallon sa. Ya ce wannan riƙon nasa ne, shi ya dasa mata. Bindigar toka ba a yi mata riƙon tsauri, sakin hannu ake yi a bar ta ta yi tsallenta, a kau da fuska, don in ta fashe ta tafi da yatsa ta bar ido. Ya tambaye ta ko abin da malamin nata ya gaya mata ke nan. Ta sunkuyar da kai ta ce e, malamin ya ce mata ita wannan ƙaramar da ƙarfin bugunta take jawo harsashi na gaba, in hannu ya bi ta baya, ƙarfin ya zube a banza, sai harsashi ya tsaya a hanya. Ashe abin da ta ɓoye min ke nan. Ta gwammace ta faɗi gwaji, ta rasa aikin da take so kamar ranta, da a ji a bakinta cewa koyarwar Baffa ce ta cuce ta. Ni kuwa da na gama zaginta da taurin kai, kunya ta rufe ni.

Abin da Baffa ya yi ba kowane babba ke iya shi ba. Mutumin da ko sunan tsuntsu ka gyara masa sai ya yi sati ba ya gaishe ka, shi ne ya ce mata kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, shi na gidansu ya koya mata, yanzu ta shiga wani gida, ta koyi nasu. Ya ce ya san ba taurin hannu ne ya gagare ta ba, wannan dungulmin yatsan nasa take gani duk sanda za ta ja kunamar bindiga. Ya sa ta kama hannun ta dube shi da kyau, ya ce wannan bashinsa ne shi da maƙerin da ya ƙera tasa, ya riga ya biya, ba a bin ta komai. Ya ce ya yafe mata riƙonsa, ta yar da shi a nan tsakar gidan, ta buɗe ido biyu ta dubi abin da take harbi.

Nan ni ma na samu abin cewa, don ba za a bar ni a baya ba. Na ce in dai wuyan hannu ne ake son ya tsaya cak, ai mu mata mun riga gwamnati sanin maganinsa. Na jawo taɓarya na miƙa mata. Tun daga ranar aka daina kai geron gidan nan inji. Kafin ta hau motar Maigatari sai ta yi surfe, in ta dawo ta yi dakan fura. Matan unguwa suna leƙowa ta katanga suna tsokanar ta, wai ga jami'a an rage mata girma zuwa turmi. Ita dai murmushi kawai take yi ta ci gaba. Tafin hannunta ya yi kanta, mu kuma muka sha furar da rabonmu da irinta tun Inna tana da rai. A filin harbi ma ta ce da farko sai da ta riƙa cije leɓe tana tilasta wa idonta kada ya rufe, sannu a hankali har hannun ya yarda. Bindigar da ake cewa mai gardama ta koma tana bin ta kamar raƙumi da akala.

Ranar gwajin ban iya cin komai ba, carbi kawai nake ja. Abokiyar aikinta ce ta ba ni labari daga baya, don ita ba ta iya yabon kanta. Ta ce Halima tana tsaka da harbi, komai yana tafiya daidai, sai bindiga ta yi shiru. An dace da mataccen harsashi, wanda ba laifin kowa ba ne. Duk wanda ya san wahalar da ta sha sai da gabansa ya faɗi. Ita kuwa ko waiwaye ba ta yi ba. Ta gyara abarta cikin ƙiftawar ido kamar mai fitar da tsakuwa daga shinkafa, ta ƙarasa kafin a busa usur. Babban da ya zo duba su ya ce da yawa sun iya harbi in bindiga tana so, amma wannan ta iya ko da bindiga ba ta so. Ashe duk cijewar nan da ta sa ta kuka, horo ce Allah Yake yi mata, don babu wanda ya kai ta sanin yadda ake fita daga cikas. Mahaƙurci mawadaci. Ta ci, Usaini, kuma ita ce ta ɗaya a cikin matan.

An ba ta takardar da aka kafa mata ta harba a gwajin, ba ta zame ko'ina da ita ba sai Gagarawa, na bi ta duk da gwiwar. Baffa ya shimfiɗa takardar a kan buzunsa, ya ɗora hannun nan nasa mai yatsa huɗu, sai ga shi ya rufe hujojin gaba ɗaya, ko ɗaya bai leƙo ba. Ya kira maharban unguwa ya nuna musu, ya ce shi ya fara koya mata, ita kuma ta ƙarasa koya masa. Sai da na juya baya na share ido da bakin mayafi.

To ga inda nake son kai ka. Na san 'yar fari ce, na san alkunya, ko sunanta ba ka taɓa kamawa ba, kullum "yarinyar nan ta wurinki". Na kuma san tsoro ne ya sa ka ƙi aikin, ba ƙiyayya ba, ni ma kullum ta fita da addu'a nake bin ta. Ka yi alkawarin yin shiru in ta ci, kuma na ga alama ka shirya cika shi da kyau. Amma ita ba shirunka take jira ba. An ba ta sabon kakin rukunin nasu, yana nan rataye a ƙusa a ɗakina, ta ce ba za ta sa shi ba sai ta ji daga bakinka. Litinin mai zuwa ta sama za su fara aiki.

Ka gaida min Tayyiba da kyau, ka ce mata ta haifi 'ya. Ka gaida Abdulmuhaimin da Nana Firdausi, a ce su dage da karatu. Ya'u da mai jego suna gaishe ku, Baffa Ɗantsoho ya ce a gaya maka har yanzu yana jiran tocilan ɗin da ka yi masa alkawari. Takardar harbin tana cikin ambulan ɗin nan, shi ya ce a aiko maka. Ka ɗora hannunka a kai ka gani. Tsoho mai shekara tamanin ya ajiye girman kansa a bakin turmi saboda yarinyar nan, kai alkunya kawai za ka ajiye. Ka kira ta, ka kama sunanta, ka ce Allah Ya yi mata albarka. In sabis ya ɗauke, ka sake kira.

Wassalam. Taka har kullum,
Yayarka Kande.