Sunan Ɗan Farina

Daren Lahadi, damina, 1976. Tudun Wada.

Jibi suna. Surukina ya ɗaure rago, ya ce liman zai raɗa wa jaririna suna Sulaimanu. Da yamma Baba ya zo a keke daga coci, wai ya gaya wa Fada da sunan Bitrus za a yi masa baftisma. Ko ruwan gidan nan bai sha ba.

Ni Yusufu nake so, sunan da masallaci da coci duk suka sani. Na gaya wa Gwaggo wajen wankan jego. Ta ce, "Ke, ɗan fari ne fa! Ina kunyarki?"

Ga shi yana barci a cinyata. Duk sunan da suka sa masa, bakina ba zai taɓa kiransa ba.