Tsinken Ashana da Tayoyin Ya Auwalu

Zuwa ga Yayata Rabi,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, a durƙushe, tare da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Ni ce Sa'adatu, daga ɗakinmu na Birnin Kudu, a kan katifar nan da kika ce ta fi ƙarfin gyara. Na san ba za ki karanta ba. Na kuma san wasu za su karanta, tunda a shafina zan sa ta. Su karanta. Na gaji da yi wa filo magana.

Yaya, raina a ɓace yake, shi ya sa na rubuto.

An gyara a-kori-kurar Ya Auwalu. An buga mata ƙofa, an yi mata fenti, har da sabon rubutu a bayanta. Gobe Asabar kuma akwai suna a gidan surukanki a Sara, ƙanwar mijinki ta haihu, kakar Hanifa ta aiko a kai mata jikarta ta gani. Inna za ta je. 'Yarki za ta je. A motar za su, a tsakiyar damina, ana ruwa kusan kullum. Ranar da aka dawo da motar daga gareji na leƙa ta zaure, sai na ga tayoyin. Su ne, Yaya. Uku daga cikinsu su ne na ranar nan, ta huɗun kuma an samo mata 'yar'uwa sak.

Kin tuna ranar da ya fara kawo su? Manya, masu faɗi, na gwanjo, da ƙulu-ƙulu a gefe. Ya tara mu a ƙofar gida yana dukan su da ƙafa, yana cewa, "Waɗannan haƙoran kada ne, ba taɓon da zai riƙe ni daga nan har Gwaram." Ke kika yi dariya kika ce, "To direban jirgi, Allah Ya sa kadan ya iya tafiya a kan kwalta." Duk muka yi dariya. Har ni.

Gaskiya a taɓo ba su da na biyu. Na gani da idona ranar da muka je ɗauko ki daga ƙauyenku. Hanyar ta jiƙe, wasu motocin sun maƙale, mu muka wuce muna ɗaga musu hannu. Da muka zo rafin nan mai yashi, Ya Auwalu ya sauka ya yi abin da duk direbobin hanyar suke yi: ya tsuguna ya rage wa kowace taya iska, don ta baje ta hau yashin kada ta nutse. Ina jin ƙarar iskar har yanzu, tsss. A dawowa ma haka muka haye lafiya. Da muka hau kwalta kika ce masa, "Auwalu, ba za ka mayar da iskar ba?" Ya ce, "Sai mun isa wajen mai faci, ai kowa haka yake yi."

Kowa haka yake yi. Na tsani maganar nan, Yaya. Wallahi na tsane ta.

Kina jikin ƙofa, ina tsakiya da Hanifa a cinyata. Littafin nan mai koren bango yana hannunki, kin kai wajen da saurayin ya dawo daga tafiya, kina ta zungurata da gwiwar hannu wai in daina leƙe, in jira ki gama. Sai hadari ya haɗo ta gabas. Kafin mu ankara ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya kwanta a kan titi yana sheƙi.

Mutane suna tambayata me na ji. Ban ji komai ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ƙugin tayoyin nan da muka saba ji a kan kwalta, wuuu, sai ya ɗauke ɗif. Motar ta yi sakayau kamar kwalekwale. Na ga Ya Auwalu yana murza sitiyari dama, motar ba ta amsa ba. Ya murza hagu, ba ta amsa ba. Ya taka birki. Kika ce, "Sa'a, riƙe ta." Na riƙe ta. Kwalbatin da muka daka ta gefenki yake.

A zaman makoki kowa ya shigo sai ya ce ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, Allah Shi ne shaidata, na san ba a ƙara wa kowa ko numfashi ɗaya. Amma Inna tana rufe bakin rijiya don kada Hanifa ta faɗa, ban taɓa jin wanda ya ce mata ta ƙi ƙaddara ba. Muna kulle fiya-fiya a saman kwaba. Muna tafasa ruwa in ana amai da gudawa a gari. Sai a kan taya ne kawai tambaya ta zama rashin tawakkali? Goggo Hajara har cewa ta yi, "Yarinyar nan littattafan soyayya sun ɓata mata kai, komai sai ta nemo masa labari." Na sunkuyar da kai, kin san ni.

Su ma littattafan na yi fushi da su. A cikinsu kullum ana ruwan sama, kullum ga saurayi a wata doguwar mota baƙa yana sharara gudu zai je ya ba budurwa haƙuri, waifa tana kaiwa tana komowa, shi kuma yana hawaye. Ba marubuciyar da ta taɓa cewa ya tsaya ya duba tayarsa. Da can in na karanta wajen sai in lumshe ido in ga kaina a gidan gaba. Yanzu sai in ji kamar in shiga cikin shafin in finciko shi in ce, malam, rage gudu, akwai 'yar mutane a gefenka.

Kin tuna Ngozi, ƙawata ta makaranta, wadda muke musayar littattafai? Babanta ne mai shagon taya a bakin titi. Ranar Talata na je mayar mata da littafi, na tarar da shi a shagon. Na daɗe a tsaye ina murza bakin hijabi. Ngozi ce ta gaji ta ce, "Baba, Sa'a tana son ta san me ya sa mota take yawo a kan ruwa." Bai yi min dariya ba. Ya san ki, ya zo gaisuwa.

Ya ce min taya ba ta taka ruwa, korar sa take yi ta taka ƙasa. In ta kasa korar sa, sai ruwan ya shiga ƙarƙashinta ya ɗaga ta, daga nan sitiyari da birki duk sun zama ado. Ya mirgino tayoyi biyu ya jingina su da bango, ya sa Ngozi ta kawo buta. Ya zuba wa ta farko, mai zurfafan layuka da suka zagaye ta kamar magudana, da wasu ƙananan tsage-tsage birjik a jikin kowane ƙulu. Ruwan ya bi layukan ya fice ta gefe. Ya zuba wa ta biyu, irin ta Ya Auwalu, wadda gefenta ke da haƙora amma tsakiyarta ya cinye ya yi sumul. Ruwan ya shimfiɗe a kai ya tsaya yana kallonmu.

Ya ce, "'Yata, direbobinmu gefen taya suke kallo, don shi ne yake cika ido. Ni tsakiya nake kallo." Ya ce wanda aikinsa rabi jeji rabi kwalta, ba tayar taɓo zalla zai nema ba, akwai mai ɗaukar duka biyun. Kada ta cika faɗi, don mai faɗi ruwa da yawa take tarawa a gabanta. Kada ta tsufa robarta ta bushe, ko da zanenta yana nan. A guji wadda aka sake yanka wa layi da wuƙa mai zafi don ta yi kama da sabuwa. Ya ɗauko tsinken ashana ya cusa kansa a layin ta farko, kan ya nutse ya ɓace. A ta biyu ko rabin kan bai shige ba.

Sai na tambaye shi maganar iska. Da bakina, Yaya, ba ta bakin Ngozi ba. Ya ce taya mai ƙarancin iska tsakiyarta lotsawa yake yi, ya zama kamar tafin hannu mai tarar ruwa. Ya ce rage iska a yashi dabara ce mai kyau, hawa kwalta da ita a haka cikin ruwa kuma, da gudu, shi ne abin da ba a yi. Ya ce, "Famfon ƙafa ƙarami ya isa, a bayan kujera yake zama." Kuma ko da tayar duniya ce, in ruwa ya kwanta a titi, a sassauta ƙafa.

Na dawo gida ina kuka a hanya, mutane suna kallona. Kin tambayi Ya Auwalu, Yaya. Ke kin tambaya.

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Ki bar yaron nan, abin da yake ji bai ishe shi ba?" Na san yana ji. Tun rasuwarki bai ƙara cin abinci a tsakar gida ba, kuma in Hanifa ta ruga ta rungume ƙafarsa sai ya ɗaga kai sama. Amma jin zafinsa ba zai kori ruwa daga ƙarƙashin taya ba.

Jiya da la'asar yana wanke motar a ƙofar gida, abokansa suna zaune a kan benci. Ni da ko gaishe su ba na iyawa sai ta bayan labule. Na goya Hanifa, na fita, na tsaya. Na ce masa tayoyin nan ba za su ɗauki Inna da Hanifa ba. Na faɗi duk abin da na koya, a hargitse, na farko a ƙarshe. Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Kai Auwalu, ashe kuna da injiniya a gida." Suka kwashe da dariya. Shi kuma ya ce, "Malama Soyayya, koma ɗaki ki ƙarasa littafinki."

Na ce masa littafin naki ne, kuma ba ki ƙarasa shi ba.

Dariyar ta tsaya. Na ce in motar ta tashi ranar Asabar a kan tayoyin nan, sai dai a kwance Hanifa daga bayana da ƙarfi, a gaban kowa. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ya ajiye soson, ya shige gida. Yau da sassafe ya tada motar ya fita, bai gaya wa kowa inda za shi ba. Inna ba ta yi min magana ba tun safe. Ni kuma ga ni ina rubuta miki, Hanifa tana barci a jikina, ban san ko na rasa yaya na biyu ba.

Tsaya, na ji ƙarar mota.

Na dawo, Yaya.

Shi ne. Ya aiko a kira ni ƙofar gida. Tayoyin ba su ba ne. Waɗannan ba su kai waɗancan faɗi ba, ba su da cika ido, ko yaran unguwa ba su taru kallo ba. Ya zaro kwalin ashana daga aljihu ya miƙo min, bai kalle ni ba, ya ce, "Ga shi, duba." Na tsuguna a gaban maƙwabta na bi su ɗaya bayan ɗaya, har da ta safiya, wato ta ajiya. Ko'ina kan tsinken ya nutse. Ya buɗe ƙofa, ta gefenki, ya ture kujera ya nuna min famfon. Ya ce, "In mun haye rafin, ke za ki tuna min." Ya ce, "Ita ma ta tuna min."

Na zaci zan ji daɗi. Na ji, kaɗan. Amma wani sabon fushin ne ya taso min, wanda ban san wa zan ba ba. Fita ɗaya, Yaya. Daga safe zuwa azahar. Famfon da bai kai tsawon hannuna ba. Shi ke nan abin. Na tsaya riƙe da tsinken ina kallonsa, shi ma yana kallon ƙasa, muka rasa mai rarrashin wani, har Inna ta leƙo ta ce mu shigo tuwo zai huce.

Gobe zan je Sara. Zan zauna jikin ƙofa, Hanifa a cinyata. Ta fara iya cewa "ruwa", in hadari ya taso sai ta nuna sama da yatsa, irin yadda kike yi in kin shanya kaya. Na sa tsinken ashanar a shafin da kika tsaya. Ban wuce wajen ba, ban sani ba ko budurwar ta yafe wa saurayin.

Allah Ya jiƙanki, Yayata. Ya sanyaya kabarinki kamar yadda Yake sanyaya ƙasa bayan ruwan farko. Ya raya mana Hanifa, Ya sassauta wa Ya Auwalu abin da ke ƙirjinsa, ni ma Ya sassauta min nawa. Ya kai duk wanda ke kan hanya a daminar nan gida lafiya.

Taki har mu haɗu,
ƙanwarki mai leƙen littafi,
Sa'a