'Yar Gorar da Na Bari a Kano

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don Allah a ɓoye sunana. Ni tsoho ne daga Argungu, karatuna bai wuce elemantare ba, ku yi haƙuri da rubutun. Akwai magana ɗaya da na faɗa wa ɗiyata a cikin jirgin sama tun tana goye, da ana mayar da magana ciki da na mayar da ita, kuma har yau ita ba ta san na faɗa ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Abin ya faru ne a shekarun da aka samu 'yancin kai. Gidanmu gidan masunta ne, mahaifina yana fataucin busasshen kifi, Allah ya buɗa masa, ya ce zai je Makka ta jirgin sama, ni zan raka shi saboda ƙafarsa. Matata Hauwa, Allah ya jiƙanta, ita ma ya biya mata, to yarinyar ba a yaye ta ba, dole aka tafi da ita. Ita ce 'yar farina. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a lokacinmu mutum ba ya ɗaukar ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya kiran sunansa, kunya ce. Ban taɓa ɗora ta a cinyata ba, ban san abin da ke sa ta dariya ba. Har yau da take da jikoki ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" nake cewa.

Hauwa ta yi shirinta na uwa. Akwai wata 'yar gora ƙarama irin wadda muke rataya wa koma, wato ragar kamun kifi, ta zuba tsakuwar gulbi a ciki ta toshe bakin da tsumma, in an girgiza tana kacau-kacau. Yarinyar ma "kacau" take kiranta, da ita take barci, da ita take tashi. Da muka isa sansanin alhazai a Kano na ga ma'aikata da manyan 'yan kasuwa da akwatuna masu kwaɗo, wasu suna Turanci, sai na ji gorar nan tana tona mana asiri, duk inda muka gifta kacau-kacau, kamar ana shelar ga 'yan ƙauye. Ni kuma a lokacin ina ji da kaina, na yi elemantare, ƙasa ta samu 'yanci, ina ganin mun wuce wannan. Ranar tashi, Hauwa ta shiga alwala, na zare gorar daga cikin kaya na tura ta bayan wata randa. Da ta neme ta na ce ai cikin cunkoson nan ta ɓace. Ta dube ni, ta goya yarinya.

Jirgi na tashi Hauwa ta fara amai, kanta na juyawa, ko zama ba ta iya yi sosai balle ta ba da nono. Mahaifina yana can gaba da carbinsa. Sai ga yarinya a cinyata, karo na farko a duniya. Ta dube ni kamar baƙo, ni ma na dube ta kamar baƙuwa. Ma'aikaciyar jirgi ta zo da alewa a faranti tana nuna kunnenta tana nuna bakinta, ban gane ba, na karɓa na sa a aljihu don in kawo tsaraba gida. Yarinya ta fara kuka tana jan kunnenta tana cewa kacau, kacau. Na ba ta hulata ta jefar, na kaɗa mata makulli ta ture. Wata tsohuwa Bafulatana a bayanmu ta miƙo hannu ta ce in kawo ta, ta iya da yara, na ce a'a, don kada a ce na kasa. Hauwa ta ɗago da ƙyar ta ce, "Malam, yi mata tafi, ka yi mata waƙar kwaɗo, ita taka so." Ni ko waƙar ban sani ba, kuma ko na sani, ina zan iya waƙar kwaɗo a gaban manyan mutane?

Haka muka yi ta fama, ta yi barci kaɗan ta farka ta ɗora daga inda ta tsaya. Bayan mun sauka an sha mai mun sake tashi, kukan ya fi na farko. Wani mai babbar riga da tabarau a gefena ya yi tsaki ya ce shi ya sa ba a son ɗaukar mutanen ƙauye a jirgi. Maganar nan ta shige ni. Daidai lokacin aka ce mun kai kan Bahar Maliya, na leƙa taga na ga ruwa ba iyaka. A garinmu in yaro yana rigima ana tsorata shi da mutanen ruwa, to amma ana yi ne yana tsakar gida, uwarsa na kusa, kowa na dariya. Ni kuwa na ɗaga ta na manna fuskarta a gilashin taga na ce, "Kin ga ruwan can? Mutanen ruwa na nan ƙasa suna jin ki. Ki ƙara kuka in buɗe in miƙa musu ke." Ta yi tsit. Ta yi fitsari a rigata, ta ƙanƙame wuyana, wuyan wanda ya ce zai jefa ta. Mai tabarau ya ce yawwa, haka ake tarbiyya. Wallahi a lokacin daɗi na ji. Hauwa ta samu barci, ba ta ji ba. Da na ga abin ya ci, duk zamanmu a can da dawowarmu, in ta buɗe baki sai in matso in ce a hankali, "mutanen ruwa", sai ta haɗiye kukan.

Da muka dawo gida Hauwa ta je wanki bakin gulbi da ita a baya, yarinya na ganin ruwa ta sandare. Ku tuna gidan masunta ne, yaranmu kusan tare suke koyon tafiya da iyo. Ita kaɗai ta tashi ba ta taka gulbi, yara suna mata waƙar tsokana, in an ce jirgi, na ruwa ne ko na sama, sai ta ruga ɗaki. Aka ce iska ce ta shafe ta a sararin sama. Hauwa ta yi yawon malamai, rubutun sha, turare, har bakin gulbi aka je aka ba mutanen ruwan haƙuri. Ina zaune ina kallo, ni nake ba da abin sadakar ma, ban taɓa buɗe baki ba. Hauwa ta sake yi mata wata gorar, ta ƙi ko taɓa ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rasuwar Hauwa. Ta je jinya gidansu a Gulma da damina, ruwa ya cika fadama, a lokacin sai da kwalekwale ake hayewa. Yarinyar tana aure a Birnin Kebbi, aka aika mata, ta zo da gudu har bakin ruwa. Ta sa ƙafa ɗaya a jirgin ta cire, ta sake sawa ta cire, tana kuka tana cewa a ɗaure ta a jefa ta ciki. Ba wanda ya iya. Kafin a zagaya da ita ta hanyar mota an riga an yi wa uwarta wanka. Mata suka yi ta cewa wace irin ɗiya ce wannan. Ina tsaye a wurin.

Kwanakin baya wata jikata da ke zuwa Abuja ta jirgi da ɗanta ƙarami take ba da labari a tsakar gida, wai tana cika jaka da kayan wasansa, ta ɓoye wani sabo sai an tashi ta fito da shi, ta zaga da shi tsakanin kujeru, in za a tashi ko za a sauka ta ba shi nono ko abin tsotso, saboda kunnen yara yana ciwo sosai a sama. Na ce ta maimaita. Ashe ba rigima take yi ba, kunnenta ne ke ciwo, ga maganin a aljihuna, ga abin rarrashinta na bari a bayan randa.

Yanzu ga inda nake neman shawara. Babban ɗan ɗiyar tawa ya biya mata kujerar Makka ta bana, an gama komai, ta ce ba za ta ba. Ɗan ya yi fushi, ya ce ta ba shi kunya, sun yi kwanaki ba sa magana sosai. Ta taso daga unguwarsu Badariya a Birnin Kebbi ta zo ta durƙusa a gabana, mace da furfura, ta ce, "Baba, mi na yi wa Allah? An ce jirgin bisa teku yaka bi. Na kasa zuwa ga Inna, yanzu kuma ɗakin Allah zan kasa. Ka roƙa mini, ko ni ba a so na can." Na ce za a yi addu'a. Abin da na iya cewa ke nan.

Ta ɗauka ita ce aka tsine wa, alhali ni ne. In na faɗa mata, wataƙila ta gane ba iska ba ce, ba fushin Allah ba ne, maganar wani yaro ce mai jin kunyar ƙauyanci, ta samu ƙarfin shiga jirgin. Wataƙila kuma ta tuna bakin fadamar Gulma ta kasa yafe mini, ni kuwa kwanana ba su da yawa, ita ce mai aiko mini da fura da magani. Lokacin tashinsu ya matso. Na sa an samo mini 'yar gora, na je gulbi da sandata na tsinto tsakuwa na zuba, tana nan ƙarƙashin matashina, ban san ko in kai mata ba ko abin dariya zan zama.

Iyaye masu shiga jirgi da ƙananan yara, na roƙe ku kada ku yi irin tawa. Ku ɗaukar wa yaro abin da ya saba da shi ko da tsumma ne, ku yi masa waƙar kwaɗon ko waye ke kallo, kada ku saya wa fasinja shiru da tsoron ɗanku. Ni kuma ku gaya mini, in faɗa mata kafin tafiyar ko in bari? In zan faɗa, ta ina zan fara, ni da ban taɓa kiran sunanta ba?