Kafaɗar Mama ta Hagu

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma gwiwar nan ta daina yi miki gardama. Mu nan lafiya lau, sai dai Baba har yanzu bai taka ƙofar gida ba tun rasuwar Mama.

Kin tuna shuɗiyar rigar da Mama ta ɗinka wa kanta kafin a haife mu? Gidan tarihi ya ari rigar don nunin tufafin da. Baba ya yarda, har ya ce zai je ranar buɗewa. Ba sai na gaya miki yadda na ƙwallafa rai a kan wannan fitar ba.

Jiya masu gidan tarihin suka kira ni. Na ratsa wani ɗaki da aka rataye robobin ruwa a rufinsa, wai teku ce ke kuka. Na yi mata jaje na wuce. Ɗaki na gaba barguna ne na haɗe-haɗen ƙyalle, irin waɗanda muka jiƙa da fitsari muna yara, yanzu an kewaye su da igiya kada a taɓa.

Matar da ke kula da tufafin, wadda na sa wa suna Safar-Hannu don ba ta rabuwa da safar hannu, ta nuna mini rigar a jikin mutum-mutumi. Yaya, a karkace take. Wuya ya zame, ƙasan ya ɗage gefe guda, sai ka ce ɗinkin ɗan koyo. Na shiga kare Mama da duk abin da na taɓa karantawa a kan ɗinki. Ta bari na gama, sannan ta ce ɗinkin ba shi da laifi: an yanka rigar ne don mace mai saukakkiyar kafaɗar hagu. Mutum-mutumin ne ya cika miƙewa. Za ta iya rage shi ta cusa auduga, amma sai ta san yadda kafaɗar take. In ba haka ba za a cire rigar, domin ba za ta nuna aikin mutum a karkace ba. In aka cire, Baba zai koma kujerarsa.

Ni ban taɓa ganin komai a kafaɗar Mama ba. Ke fa?

Ki gaida kowa.
Autanku mai furfura

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki, na kuma adana wa Safar-Hannu sunayen da kika kira ta. Ban isar ba.

Na duba hotuna. A kowanne, ko Mama ta juya gefe, ko ta rataya jaka, ko ta saɓa ɗayanmu a kafaɗar. Yawanci ke ce. Ashe aiki kike yi tun kina jaririya.

Dole na gaya wa Baba. Sai ya ce in miƙo masa takalmansa. Takalma, Yaya! Sai da na kakkaɓe musu ƙura.

A gidan tarihin aka ba shi safar hannu, ya ce shi ba tiyata ya zo yi ba, amma ya sa. Ya tsaya a daman mutum-mutumin, ya zagaya hannu ta bayansa ya dafa kafaɗar hagu, ya rufe ido. Yana cewa a rage, a ƙara turowa gaba, matar tana cusa auduga tana kafewa da allura. Can ya ce ya isa. Aka mayar da rigar, ta sauka sambal, wuya ya zauna daidai. Ni kuma na tsunduma karatun wata takarda a bango, a kan illar asu ga ulu.

A mota ya ce Mama tana yarinya ta faɗo daga bene, kuma ba ta so a sani. Ya roƙi kada a rubuta a bayanin rigar, an kuma yarda. Ya ce 'ya'yan da ta haifa ma ba su gani ba, balle masu yankar tikiti.

An buɗe jiya. Wata baƙuwa ta tsaya tana cewa matan zamanin da sun iya tsayuwa a miƙe. Baba kuwa rigar kawai yake kallo. Yana nan ta damanta, daidai inda igiya ta tsayar da shi.

Ya ce gobe ma in kai shi.

Ki kula da gwiwar.
Autanku