Maganin Baba a Kofin Mama

Yaya,

Na tafi aiki, ban so in tashe ki ba. Ɗazu na ɗauko kofin Mama zan wanke, sai ga ƙwayoyin hawan jinin Baba cike a ciki. Ashe tun rasuwarta ba ya sha. Da na tambaye shi, murmushi ya yi, wai tana wurin Yesu tana jiransa.

Ni ma na gaskata za mu sake ganinta. Amma don Allah ki ba shi maganin da hannunki, ki tsaya sai ya haɗiye. Ban da faɗa. Ki ce masa Mama ba ta rasa komai a can ba, mu ne muke bukatarsa.

Ƙanwarki